Wankin Hotunan Inna

Zuwa ga ƙanwata Likita,

Gaisuwa buhu buhu, irin wadda ba'a aunawa. Ina fatan kina lafiya keda masu farar riga na asubutinku. Mu nan lafiya lau, sai ƙurar gari data maidani tsoho tun lokaci baiyi ba. Kunnena na hagu yananan yadda kika barshi, injin niƙa ya cinye abinsa, na dama ma yana bin sawu. Dan haka ki daina kiran wayar mai shago. Ranar nan kina tambayar jikin Inna ni ina baki labarin belin inji, har mutane suka taru suna dariya. Takarda tafi min.

Inna kakarki tana gaisheki. Gwiwar nan ce dai, amma bakin yananan da kaifinsa. Kinsan zumuncina da ita sai an hau tsani ake hangoshi, kakana da mijinta 'ya'yan wa da ƙani ne, to amma tunda ɗakina ke jikin nata, nine ɗan nine jikan.

Kemarar da kika aiko ta iso. Direba ya miƙomin kwalin a bakin inji, nace kowa ya matsa, mai gari a hannu kada ya taɓa. Baƙa ce wuluk, ga nauyi kamar jariri. Gajeren nan Mai Situdiyo ya leƙo ya karanta jikin kwalin, yace ƙarfin ganinta meganfisal goma ne, wai ta 'yan koyo ce. Nace masa goma kawai? Ni a ido ɗaya inada ashirin. Ya tafi yana cizon yatsa, nasan daga yau kasuwarsa ta mutu.

Gilashin gaban an rubuta sha takwas zuwa hamsin da biyar. In ka murɗa sai ya miƙo wuya kamar kunkuru yaji ƙamshi. A sama akwai wata 'yar taya mai zane zane, ga kan mace, ga dutse, ga fure, ga wani mutum yana gudu. Mai gudun nan na ajiyeshi dan Kawunki, sai ranar da akace ya kai Inna asubuti zan kunna masa.

Da farko na leƙa ta ramin idon naga duhu, nace to ƙanwata ta aikomin da dare a kwali. Ashe marfi ne a gaba. Ba wanda ya gani, kema ki manta na faɗa. Sannan na taɓa wani wuri, fitila ta tashi tsaye a kanta, kyanwar Inna ta haura katanga.

Matsala ɗaya ce, kuma ba daga ni bane. Na cika batur, na zura ɗan katin nan mai kamar farce a gefe, amma in na danna sai ta ƙi, ta rubutomin turanci a allo. Bazan tambayi gajeren nan ba ko za'a yankani. Ki rubutomin yadda akeyi, da manyan baƙi.

Ita kuma Inna tace tunda aka haifeta bata tsaya gaban irin wannan abin ba sai sau ɗaya, shima dole akayi mata. Tace in jikarta nason ganinta ai tasan hanya. Kada ki damu, ki barni da ita. Ni da nake sa jaki dariya.

Yayanki,
Sarkin Hoto, kuma mai niƙa

*

Yaya,

Na sami takardarka, na karanta sau biyu, na farko don in gane rubutun, na biyu don in yi dariya. Ina lafiya, sai aiki. Kuma na sha gaya maka ni ba likita ba ce, jini nake aunawa. Ka gaishe mini da Inna, ka ce ta riƙa ɗora ƙafar a kan matashi.

Kyamarar ba ta lalace ba. Katin ne sabo, sai an wanke shi kafin ta karɓe shi. Ka danna maɓallin da ke sama ta hagun allo, rubutu zai fito. Ka bi da kibiya har ka kai alamar sifana, irin wadda kake ɗaure injinka da ita. Ka sauka layi na uku, ka danna maɓallin tsakiya. Za ta tambaye ka, sai ka matsa dama ka sake dannawa. Shi ke nan ka wanke kati, ya fito fes, babu komai a cikinsa.

Tayar nan ka bar ta a kan koren akwati, ita za ta zaɓi komai da kanta. A jikin gilashin akwai ɗan makunni, ka bar shi a kan harafin A. Idan za ka ɗauka, ka danna rabi tukuna, za ta yi ɗan kuka idan ta kama fuska. Na san ba za ka ji kukan ba, don haka ka duba cikin ramin ido, wani jan ɗigo zai haska. Sannan ka ƙarasa dannawa. Kada ka haska wa Inna fitila a ido. Ka zaunar da ita bakin ƙofa inda haske yake shigowa ta gefe.

Yaya, ba don wasa na aiko da ita ba. Ba ni da hoton Inna ko ɗaya. Ƙaramin nan na katin shaidarta da na taho da shi, ruwa ya shiga akwatina ya cinye fuskar. Ita ta goya ni tun ina wata bakwai, amma ranar nan na zauna ina son tuna yadda bakinta yake idan tana dariya, na kasa. Muryar tana nan, fuskar ce take guduwa.

Maganar hanya kuma na ji. Ka ce mata na nemi hutu, ina jiran amsa.

Ƙanwarka

*

Ƙanwata mai auna jini,

Gaisuwa da hannu biyu, ɗaya da gari ɗaya da kemara. Ina lafiya. Inna ma da sauƙi, amma zan dawo kan wannan.

Na wanke katin. Sau ɗaya na bi layin ya tafi daidai, kamar tare aka haifemu. Yanzu duk wanda ya kawo niƙa sai ya tsaya na ɗaukeshi. Tela ya tsaya, mai faci ya tsaya, matar mai shago ta koma gida ta canza zani sau biyu. Na gano fure na abu ne na kusa, na ɗauki ƙuda akan belin inji har gashin ƙafarsa. Mai Situdiyo yanzu in ya hangoni sai ya tsallaka titi.

To ga babban labari. Kwana da kwanaki ina lallashin Inna. Nace mata za'a kaita ƙasar waje ba tare da ta hau mota ba, tace ba inda zata. Nace zan rage mata shekara ashirin, tace in rage ma kaina surutu. Da zarar na rataya kemara sai ta ja mayafi ta juya fuska bango.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, tana zaune bakin ƙofa tana ɗinkemin aljihun riga, haske na shigowa ta gefe yadda kikace. Na murɗa tayar na kaita kan mai gudu, dan na lura a nan in ka riƙe maɓalli bata tsayawa, tanayi taf taf taf kamar keken ɗinki. Nayi kamar bango nake dubawa. Ina ja da baya dan ta shiga duka, ina ja, ina ja, sai gani zaune cikin bahon wankin matar tela. Ruwa har ƙugu, kumfa har gemu. Amma kemara tana sama, ko ɗigo bai taɓata ba, wannan sai gwani.

Inna ta ɗago. Likita, tayi dariyar da rabona da jinta tun kina gida. Allura ta faɗi, ɗankwali ya zame baya, tana nunani da yatsa ta kasa magana. Ni kuwa daga cikin bahon na saita, jan ɗigo ya haska a fuskarta, na riƙe maɓalli. Sun fi ashirin. Babu na yarwa ko ɗaya.

Na nuna mata a allo. Ta kawo fuska kusa ta daɗe tana kallo, tace wannan tsohuwar wacece, tayi kama da uwata. Nace kece. Tace to ashe na kai. Daga nan tace in aika miki, amma in gaya miki hoto baya ɗora ruwa a wuta.

Yanzu maganar jikin. Ƙafar ta kumbura har takalmi baya shiga, abinci kuma sai ta taɓa ta ture. Na aika ma Kawunki sau biyu, yace yana tafe. Da mai gudun nan na kemara da Kawunki bansan wanda yafi sauri ba. Ni na kaita asubuti a bayan keke, suka bada ƙwayoyi. Ni ba likita bane, amma buhu in ya fara zuba ta ƙasa ina ganewa. Inda hali kizo.

Yayanki,
Sarkin Hoto na duniya da kewaye

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na yi kuka da dariya a kan labarin bahon, har abokiyar aikina ta karɓi takardar ta karanta. Allah ya saka maka.

Hutun bai samu ba. Mu biyu ne kawai a ɗakin gwaji, ɗayar kuma ta kusa haihuwa. Sun ce sai bayan ta dawo. Ka rarrashi Inna, ka ce saura kaɗan. Ka rubuto mini sunan ƙwayoyin da aka ba ta, ka kwafa harafi harafi daga jikin kwalin.

Hotunan nan kuma kada ka bar su a cikin kyamara. Ka wanke su ka ba direba ya kawo mini, musamman na dariyar, ina son sa babba in rataya a kan gadona. Kai ne Sarkin Hoto, ba sai na koya maka wanki ba.

Ƙanwarka

*

Ƙanwata,

Ina gaisheki. Nasan mai shago ya riga ya gaya miki a waya, amma ni ban gaya miki ba. Inna ta rasu. Allah ya jiƙanta, ya bamu haƙuri.

Da safe ne. Na kai mata ruwan zafi, tace in buɗe taga, na buɗe, na tafi na tada inji. Matar tela tace tazo bakin ƙofar niƙa tana kirana ban juyo ba, sai da ta shiga ta kashe injin da hannunta. Ance Inna ta kira sunana sau biyu. Bango ɗaya ne tsakaninmu. Wannan kunnen dai.

Kawunki yazo, wannan karon da wuri. Yafi kowa kuka, har saida aka riƙeshi. Kafin mutane su watse naga yana auna kabad ɗinta da taku.

Takardarki ta iso bayan an gama komai. Sunan ƙwayoyin da kika tambaya ban kwafa ba, suna nan akan taga, saura da yawa. Bazan ce miki komai akan hutu ba. Inna ce mai faɗa, ta tafi da bakinta.

Amma ki share hawaye, yayanki bai barki hannu banza ba. Duk dangin nan masu kusanci, waye yake da fuskarta in ba ni ba? Mutanen da sukazo gaisuwa layi suka dinga yi suna kallonta a allo. Mai Situdiyo ma yazo, ya kalla, yace in kawo katin shagonsa ya wankemin kyauta dan Inna. Nace masa ya riƙe kyautarsa. Wato in ɗauka da hannuna, daga cikin baho, sannan ya buga hatiminsa a baya ace aikinsa ne? Nace kemarar nan da kanta take wanki, ƙanwata ta koyamin, ba irin taka bace.

Jiya na ɗauko takardarki ta farko na bi layi layi. Maɓallin sama, sifana, layi na uku, dama. Ko kuskure ɗaya banyi ba. Wani dogon layi ya cika a allo ya wuce, na wankesu duka harda na ƙudan.

Abinda baki rubuto ba shine ta ina suke fitowa. Na duba ƙasa, na duba gefe, na buɗe wajen batur, banga ramin takarda ba. In na danna wajen kallo kuma allon baƙi yake nunawa da ɗan turanci a tsakiya. Ina jin sai sun bushe tukunna. Na ajiyeta akan taga inda iska take. Ki gayamin kwana nawa suke ɗauka, direba zai dawo ƙarshen wata inaso in bashi.

Yayanki,
Sarkin Hoto

*

Yaya,

Ka karanta wannan a hankali, ko ka ba tela ya karanta maka.

KADA KA SAKE ƊAUKAR KOMAI DA KYAMARAR NAN. Ko ɗaya. Ka kashe ta, ka zare katin, ka naɗe shi a takarda ka ba direba.

Abin da ka yi ba wankin hoto ba ne, goge kati ne. Na rubuta maka cewa yana fitowa babu komai a cikinsa. Wankin hoto a shago ake yi, a kan takarda. Mai Situdiyo ya zo har gida ya ce zai yi maka kyauta.

Akwai sauran dama. Na tambayi wani mai gyaran kwamfuta a nan, ya ce hotunan ba su tafi ba tukuna, suna kwance a ƙasa kamar rubutun da aka shafe a allo, yana iya tono su. Amma duk sabon hoton da aka ɗauka a kan tsohon yake zama, kuma wanda aka zauna a kansa ya tafi har abada.

Na kira wayar mai shago, ka karɓa, na faɗa maka sau uku. Kana ta cewa to, to, an gama. Ban san abin da ka ji ba, shi ya sa na rubuto.

Ban samu na gan ta ba, Yaya. Wannan kaɗai ya rage mini.

Ƙanwarka

*

Ƙanwata Likita,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya, na koma bakin inji. Na fara wannan takardar tun kafin taki tazo, dan in baki albishir.

Naji saƙonki a waya sarai, duk da motoci. Kince in sake ɗauka. To an gama. Da farko nace me zan ɗauka, mai hoton bata nan. Sai na gane nufinki, kinaso kiga inda ta zauna kafin Kawunki ya kwashe. Kinyi dabara, dan zai turo mota jibi.

Na ɗauki ɗakin ta kowace kusurwa. Gadon, kabad, kujerar bakin ƙofa, takalmin da ya daina shigarta. Na sa fure na ɗauki allurarta da zaren a jiki, da tabaranta mai ƙafa ɗaya. Ɗakin da duhu, na gano wani wuri da ake ƙara lamba daga ɗari har dubu da ɗari shida, sai ta gani ba fitila, wannan ko ke baki koyamin ba. Na ɗauki ƙwayoyin akan taga. Na ɗauki kyanwar tana kwance inda take sa ƙafa. Na ɗauki bahon ma. Na sa mai gudu na riƙe maɓalli na zagaya tsakar gida, ban tsaya ba saida kemara ta rubuta sifili ta ƙi ƙara ko ɗaya. Cike yake taf, ko allura bazata shiga ba. In na Inna sun bushe sai ki haɗa dasu.

Direba ya kawo takardarki yanzu. Na bar wancan rubutun yadda yake, banida wata takardar.

Na karanta. Na kai ma tela ya karanta. Ya sake karantawa da ƙarfi a kunnena na dama.

Kada ɗin ne banji ba a waya. Sauran duk naji.

Amma tsaya kiji, dan naga kin rubuta da manyan baƙi kamar kina magana da jaki. Waye yace wanke a takarda ta farko? Waye yace wanke a ta biyu? Waye yace ba sai na koya maka wanki ba? Duk suna nan a aljihuna, aljihun da Inna ta ɗinke. Ke da kikayi makaranta kinada kalma ɗaya dan abu biyu, ni da na tsaya aji uku nine zan rabasu? Kuma tun farko nace miki kada ki kira waya.

Ga katin na naɗe a takardar ƙwayoyinta. Ki ba mai kwamfutar. Kice masa Sarkin Hoto yace ya tona da kyau, ai masu ilimi basa rasa dabara.

Yayanki

*

Yaya,

Katin ya iso. Ina lafiya.

Mai gyaran ya kwana biyu a kansa. Ya fito da ɗakin, da takalmin, da kyanwa, da baho, da tsakar gida ta kowane gefe. Duk sun yi kyau. Ka iya ɗauka, wannan ba ƙarya ka yi ba.

Daga cikin na da, ɗaya ne ya fito, shi ma ba duka ba. Daga sama ana ganin bakin ƙofa, da haske ta gefe, da ɗankwalinta ya zame baya, da furfurarta, da goshi. Daga gira zuwa ƙasa toka ce, shafe, kamar an yi wa bango siminti. Ya ce nan ne sabon hoto ya zauna. Na tambaye shi wanne, ya ce ba a sani ba. Ni ina ganin bahon ne.

Na karanta maganarka a kan kalmar. Gaskiya ne, ni na rubuta. Gaskiya ne kuma mutum ya tsaya a gabanka ya ce kawo in yi maka, ka kore shi don kada a ga hatiminsa. Kowa ya riƙe nasa.

An ba ni hutun yanzu. Ban san wurin wa zan zo ba.

Na sa an wanke rabin hoton, a shago, a kan takarda. Ga ɗaya na sako maka. Kyamarar ka riƙe.

Ƙanwarka

*

Ƙanwata,

Ina gaisuwa. Lafiya lau. Kawunki ya kwashe ɗakin, an zuba buhunan wani a ciki. Kyanwar ta dawo wajena.

Naga hoton. Na jinginashi a jikin bango na zauna gabansa. Mai Situdiyo yazo wucewa ya gani, ya cire hularsa ya maida, yayi gaba. Gara ya zageni.

Kemara na ba direba, da batur da marfi da igiyar wuya, duk suna cikin kwalin. Ta 'yan koyo ce, gajeren ya faɗa tun farko.

Tunda kince bakin ne yake guje miki, ga abinda ke ƙarƙashin tokar. Ni na gani ta ramin ido, kuma ba'a zauna akan nawa ba tukunna. Girarta ta dama tafi ta hagu tashi. Idon ya rufe saura kaɗan, da ruwa a gefe, layi uku sun tafi wajen kunne. Hancin ya tattare a sama kamar na yaro. Bakin a buɗe yake duka, ya karkata hagu. Haƙorin sama na gefe babu, wanda ya fita shekarar da kika tafi, harshenta yana leƙowa ta wajen. Ɗan baƙin tabon nan na haɓa yananan. Hannun dama yana nunani, na hagu yana riƙe da rigata a ƙirjinta. Zaren yana lilo.

Ki ajiye wannan takardar a ƙasan hoton, daidai inda tokar ta fara. Rubutun ba kyau, sai kin karanta sau biyu.

Hutun ki riƙe abinki. Ranar da Inna tace hoto baya ɗora ruwa a wuta, akwai sauran maganar da ban rubuto ba dan kada ranki ya ɓaci. Tace in tazo ta tarar bana nan, ka bata kujerata ta zauna. Kujerar ce kaɗai na hana Kawunki ɗauka. Tana bakin ƙofar niƙa, gari yana zuba akanta, kullum ina gogewa.

In kinzo ki shiga ki kashe injin. In kika tsaya kira bazan ji ba.

Mai niƙa